Kwamfiresa biyu na hon ɗin jirgin ruwana, fiyus sai ƙonewa yake: ina na kuskure?

Mai Jirgin Faiba ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mako uku ke nan ina fama da abu ɗaya. Na ƙona fiyus bakwai, yau kuma na ji ƙaurin roba yana tashi daga ƙarƙashin sitiyari, shi ne na ce bari in dakata haka in tambayi waɗanda suka fi ni sani kafin in babbake jirgin gaba ɗaya.

Jirgina na faiba ne, tsawonsa mita 7, injin fetur na ratayawa a baya mai doki 90, batir ɗaya mai bolt 12 yana can baya kusa da injin. Hon ɗin da ya zo da shi ɗan ƙaramin nan ne na lantarki, in ka danna sai ka rantse ɗan akuya ne ke neman uwarsa. Da ma ban damu da shi ba, sai wata safiya da hazo ya sauka, ina tafe a hankali, kwatsam wani ƙaton jirgin dakon yashi ya ɓullo daga kwana. Na danna, na sake dannawa, na kwanta a kan madannin, mutumin ko waiwayowa bai yi ba, rugugin injinsa ya shanye kukan nawa. Da ƙyar na kauce, igiyar ruwansa ta watsa mana ruwa har cinya. Tun ranar na ɗau alwashin sai na sa hon da kurma ma zai ji a ƙirjinsa.

Abin da na haɗa: kakaki uku na ƙarfe, tankin iska mai lita 19, kwamfiresa biyu iri ɗaya (takardarsu ta ce kowane yana jan amfiya 22 in ya kai ƙarshen aikinsa), makunnin matsi wanda ke tashi a 110 ya tsaya a 145 psi (ma'aunin matsin iska), da bawul mai solinoyid wanda ke sakin iska in an danna. Tankin da kwamfiresocin na ɗaure su a cikin akwatin da ke ƙarƙashin sitiyari. Daga can zuwa batir, in ka bi hanyar da waya ke bi, mita 5 ne.

Ga yadda na ja wayar, kada ku yi mini dariya. Na ɗauko wuta daga akwatin fiyus na gaban direba, inda fitilu da na'urar auna zurfi suke sha. Na sa fiyus mai 30, na bi da jar waya mai kauri 2.5 (milimita sikwaya) ta wani makunni da na huda a allon gaba, daga nan ta shiga makunnin matsi, ta fito ta rabu biyu zuwa kwamfiresocin. Baƙaƙen wayoyinsu kuwa na ɗaure su a kan sandar negatif da na tarar a wurin, wadda sauran kayan suke kai. A kayan akwai wasu baƙaƙen rile guda biyu masu ƙafa huɗu-huɗu, ban gane amfaninsu ba tunda abin ya tashi ba su, suna nan cikin leda.

In na kunna, lafiya lau suke tashi. Allurar geji na hawa, 40, 60, 70. Tana kaiwa wajen 85 zuwa 90 sai muryarsu ta canja, su fara nishi kamar mai hawa tudu da kaya, na'urar zurfi ta ɗauke ta sake kunna kanta, fitilar allo ta yi ja-ja, sai ɗif, fiyus ya tafi. Ko sau ɗaya tankin bai taɓa kaiwa 145 ba. Da ɗaya kaɗai na gwada, ya cika, amma sai da na gaji da jira, makunnin kuma ya yi zafin da ba ka iya barin yatsa a kai.

To kwamfiresocin ne ba su da kyau, ko batirin ne ya yi musu kaɗan? Kuma in da hali wani ya yi mini bayanin rile ɗin nan da Hausar da zan gane. Ina da mita, na iya auna bolt, iyakar ilimina ke nan.

Sai Gaba ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam ai lissafin a fili yake, 22 da 22 sun ba ka 44, kai kuma ka sa fiyus mai 30. Cire shi ka sa mai 50 ko 60, magana ta ƙare. Ni a motata haka na yi wa amfilifaya, shekara biyu ke nan ko tari ba ta yi ba.

Tsohon Rewaya ya rubuta:

Sai Gaba, ɗana, ka yi haƙuri, amma wannan shawarar ita ce garin neman ƙiba a samo rama. Mai Jirgi, don Allah kada ka sa. Fiyus bakwai ɗin nan da kake jin haushinsu su ne suka hana ka iyo zuwa gaɓa. Fiyus ba kwamfiresa yake gadi ba, waya yake gadi. Ana zaɓensa ne daidai da abin da wayar za ta iya ɗauka, don in abu ya ɓaci shi ya riga ta narkewa. Ka sa mai 60 a kan siririyar waya da makunnin da bai wuce amfiya 15 ko 20 ba, ka mai da wayar ita ce fiyus ɗin. A mota in hayaƙi ya tashi ka taka birki ka fita. A tsakiyar ruwa fa, da tankin fetur a ƙarƙashin ƙafarka?

Kwamfiresocinka lafiyarsu ƙalau, yunwa suke ji. Irin motar lantarkin da ke cikinsu tana jan wuta ne gwargwadon nauyin da ke kanta. Tanki ba komai, aikin ba wuya, kowane zai ja sha wani abu, su biyun suna ƙarƙashin 30, fiyus ya yi shiru. Matsi na hawa, fistin na shan wuya, jan wutar na ƙaruwa, har su tsallake abin da fiyus ɗin zai jure. Shi ya sa kullum a wuri ɗaya yake mutuwa, wajen 85 zuwa 90 ɗin da ka faɗa.

Yanzu ɗauko biro. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne auna tafiya ya manta da dawowa. Ka ce mita 5. A'a, mita 10 ne, don wuta sai ta je ta jar waya ta komo ta baƙa. Mota ta saba mana da lalaci, ka ɗaure baƙar waya a jikin bodi ka huta, ƙarfen motar ya mai da wutar gida. Faiba ba ya ɗaukar wuta, don haka hanyar dawowa sai wadda ka shimfiɗa da hannunka. (Masu jirgin alminiyam da ke karantawa, ku ma kada ku ce kun tsira. Kuka mai da jikin jirgi hanyar dawowar wuta, a hankali zai riƙa cinyewa a cikin ruwa har ya huje.) Lissafin jan ƙarfe: amfiya sau tsawon waya zuwa da dawowa sau 0.0175, a raba da kaurin wayar. Naka 44 sau 10 sau 0.0175, ya ba da 7.7. Raba da 2.5 ɗinka, bolt 3 da ɗoriya ke zubewa a hanya. Kashi ɗaya cikin huɗu na abin da batir ya aiko ke nan, kuma ba ɓacewa yake ba, zafi yake zama, wajen wat 135 a cikin robar waya. Ƙaurin da ka ji ke nan. Da waya mai 6 asarar ta koma 1.3, mai 10 ta koma kusan 0.8, mai 16 kusan rabin bolt, mai 25 kuwa 0.3. Ƙa'idar ƙungiyar ABYC ta Amurka, wadda masu ƙera ƙananan jirage da yawa ke bi, ta ce kayan da rai ya dogara a kansu kamar fitilun tafiya da famfon kwashe ruwa kada asarar ta wuce kashi 3 cikin ɗari, sauran kaya kada ta wuce kashi 10. A bolt 12, 0.36 ke nan da 1.2. Mai 10 ta tsallake, amma ni a jirgina mai 16 zan ja, ja da baƙa duka kauri ɗaya. Na nanata: duka biyun.

Sai rile ɗin da ka bari a leda. Ka ɗauke shi kamar ɗan aike mai ƙarfi: kai ka yi masa raɗa, shi ya ɗaga kayan. A cikinsa akwai ɗan naɗin waya da ke zama maganaɗisu in wuta ta shiga, ba ya cin ko rubu'in amfiya, sai ya jawo wani ƙarfe ya haɗa babbar hanya. Juya shi ka duba gindinsa, za ka ga lambobi. 85 da 86 su ne kunnuwansa, inda ake raɗar. 30 da 87 su ne babbar hanya, wuta ta shiga ta 30 ta fita ta 87.

Ga yadda zan ja in ni ne. Daga kan batir na fozitif, babban fiyus mai 60 tun a bakin batirin. ABYC ta ce kada ya wuce inci 7 daga inda aka ɗauko wutar, wajen santimita 18, dalili kuwa duk guntun da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai gadi. Akwai irin wanda ake ɗaurawa a kan noti na batirin kansa, shi na fi so. Daga nan jar waya mai 16 ta tafi kai tsaye har wurin kwamfiresocin, ba ruwanta da akwatin fiyus na gaban direba. Can sai ta rabu biyu, kowane reshe da fiyus nasa mai 30, ya shiga ƙafa 30 ta rile nasa, ƙafa 87 ta fita zuwa jar wayar kwamfiresa. Rile ɗaya, kwamfiresa ɗaya. Kada ka ɗora su biyun a kan rile guda don an rubuta 40 a jikinsa, 44 ta fi 40, kuma a daidai lokacin tashi motar kwamfiresa tana fizgar abin da ya ninka haka na ɗan ƙiftawar ido. Ribar rabawar kuma, in ɗaya ya mutu ɗayan na nan. Baƙaƙen wayoyin su haɗu a sandarsu ta kansu, mai 16 ta kwashe su zuwa batir.

Makunninka na allo da makunnin matsi yanzu sun huta, raɗa kawai za su riƙa yi. Siririyar waya daga akwatin gaban direba, fiyus mai 5, ta bi ta makunnin allo, ta bi ta makunnin matsi, ta je ƙafa 86 ta rile biyun. Ƙafa 85 ta tafi negatif. Ka kiyaye wannan jerin, don wasu rile suna da dayod a ciki, ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, ka juya musu wuta ka kashe su nan take. In son samu ne ka ɗauko wutar raɗar daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makulli, in ba haka ba wata rana iska za ta zurare da dare, kwamfiresa su tashi su kaɗai, ka zo da safe ka tarar batir ya kwanta. Solinoyid ɗin hon kuwa ka ba shi nasa fiyus da nasa madanni daban, don ko kwamfiresa sun mutu, iskar da ta rage a tanki ta yi maka kuka.

Kafin ka kwance komai ina son ka yi mini awo biyu, don ka gani da idonka ba don na faɗa ba. Suna cikin aiki, ka sa tsinken mita ɗaya a kan fozitif na batir, ɗayan a jar wayar kwamfiresa (ƙara tsawon tsinken da kowace irin waya, ba komai). Rubuta abin da ka gani. Ka maimaita tsakanin negatif na batir da baƙar wayar kwamfiresa. Ina da zargi a kan sandar negatif ɗin nan da ka ce ka tarar, amma bari mita ta yi magana.

Mai Jirgin Faiba ya rubuta:

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Wallahi yau na fahimci rile, shekara nawa ina ganinsa a mota ina ɗauka wani irin fiyus ne. Zan yi awon gobe in Allah ya kai mu.

Amma wani tunani ya zo mini. Tunda nisa ne matsalar, me zai hana in kwashe kwamfiresocin in mai da su baya, cikin akwatin da batir yake? Waya ba za ta kai mita ɗaya ba, sai in ja tiyon iska kawai zuwa gaba. Wurin a rufe yake, ruwa ba ya shiga, akwai fili gefen matatar fetur.

Matuƙin Dare ya rubuta:

Ɗan'uwa tsaya nan. Ka ce a rufe, ka ce gefen matatar fetur. Kada ka kai su wurin.

Motar da ke cikin irin waɗannan kwamfiresocin mai burushi ce, tana aiki tana tartsatsi a ciki, haka aka yi ta. Rile na mota shi ma duk sanda ya haɗa ko ya saki sai ya yi ɗan tartsatsi. Tururin fetur kuma ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya tafi, kwanciya yake a ƙasan duk rufaffen wuri yana jira. Ɗigo kaɗan daga bakin tiyo ko matata ya isa. Kayan lantarkin da aka yarda a sa a irin wannan wuri sai waɗanda aka rufe su yadda tartsatsinsu ba zai kunna tururi ba, za ka ga an buga ISO 8846 ko SAE J1171 a jikinsu. Duba naka. In ba ka ga ko ɗaya ba, ka bar su inda suke ka sayi doguwar waya. Batir ma in yana caji yana fitar da iskar haidurojin, wani dalilin ke nan. Babban fiyus ɗin da Baba ya ce a ɗaura a kan batir, shi ma ka nemi mai wannan shaidar. Har akwatin sitiyarin ka leƙa da kyau, in tiyon zuba mai ko na numfashin tanki ya ratsa ta ciki, maganar ɗaya ce. Kuma ka huda masa wurin shan iska, kwamfiresa na zafi sosai, kansa na iya ƙona hannu.

Baba ya gama da waya, ni bari in taɓo abin da ba ka tambaya ba, tunda hazo ne ya kawo ka. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972, waɗanda ake kira COLREG, sun ce jirgin da ya kai mita 12 dole ya ɗauki hon na ƙa'ida, wanda bai kai ba kamar naka ya kasance dai yana da abin yin ƙara mai inganci. Ruwayen cikin ƙasa kowace hukuma da nata ƙarin, ka nemi na inda kake. Amma yaren kusan ɗaya ne. Gajeren busa kamar daƙiƙa 1 ne, dogo daƙiƙa 4 zuwa 6. Gajere ɗaya, ina karkatawa dama. Biyu, hagu. Uku, injina na ja da baya. Biyar a jere da sauri, ban gane nufinka ba, ko ina ganin ba ka kauce yadda ya kamata ba. In ka doso kwanar da ba ka ganin bayanta, dogo ɗaya. Ranar jirgin yashin nan abin da ya kamata ku yi ke nan ku duka biyun tun kafin ku ga juna. A cikin hazo kuma, jirgi mai inji da ke tafiya zai yi dogo ɗaya, tsakanin busa da busa kada ya wuce minti 2.

Wannan na ƙarshen shi ne gwajin kayanka na gaskiya, ba ranar da ka tsorata abokai a bakin gaɓa ba. Kakaki uku suna shan iska kamar me. In ka gama gyara, cika tanki, busa daƙiƙa 6, duba inda allura ta sauka, ka ƙirga lokacin da za ta ɗauka ta koma 145. In ya wuce minti 2, to a hazo busa na uku ko na huɗu zai fito kamar tsohon zakara. In kuma kwamfiresocin za su yi aiki rabin kowane minti biyu, ka duba takardarsu ko an yi su don dogon aiki, wasu kashi ɗaya cikin uku na lokaci kawai suke jurewa, sauran hutu. Ka kuma duba abin da altanetar injinka ke bayarwa. A hazo a hankali ake tafiya, a hankali kuma altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta. Batirinka ɗaya ne, shi ne kuma mai tada inji. Don haka ɗan akuyan nan da ka raina, kada ka cire shi.

Kunnenka kuma. Ƙara na raguwa da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 6 ne duk sanda nisa ya ninka, ma'ana wanda ya fi kowa shan ta shi ne kai da ke tsaye mita ɗaya daga bakin kakakin. Ƙa'idar ta ce a inda matuƙi ke saurare kada ƙarar hon ɗinsa ta wuce desibel 110, in da hali ma 100. Ga jirgi ƙasa da mita 20 abin da ake nema a ji shi a rabin mil na ruwa ne kawai. Ɗaga su sama, bakinsu na kallon gaba, a ɗan sunkuye don ruwa ya zube, kuma kada kowa ya zauna a gabansu.

Sai Gaba ya rubuta:

To, na karɓi gyara. Na je na taɓa wayar amfilifayar tawa bayan na karanta, da ɗumi. Baba, zan buɗe nawa zancen daban.

Mai Jirgin Faiba ya rubuta:

Na dawo da labari, ku yi haƙuri da shirun kwana goma, wayar ce ta ba ni wuyar samu.

Awon farko tukuna. Inji na aiki, kwamfiresa biyu na tafe, allura wajen 70: kan batir 13.1, bakin kwamfiresa 9.6. Ɓangaren ja ya ci 1.3. Ɓangaren baƙi, 2.2! Baba, zarginka ya tabbata. Na bi baƙar wayar da ta tashi daga sandar negatif zuwa baya, siririya ce, ta fitilu aka yi ta. Da na kwance notin da ta ɗauru a kai can wajen batir, sai ga kan ya yi kore shar kamar gansakuka. Na ja shi da filaya a hankali, ya gutsure a hannuna. Na feƙe robar, ciki baƙi ƙirin, silin wayar na karyewa kamar busasshiyar ciyawa, sai da na yanke kusan taƙi biyu kafin in ga jan ƙarfe mai haske. Ashe duk kayan gaban jirgin ta wannan ruɓaɓɓen zaren suke komawa gida, ni kuma na zo na ɗora masa amfiya arba'in. Shi ya sa na'urar zurfi ke suma. Wata uku ina zaginta a banza, tun kafin zuwan hon takan ɗauke jefi-jefi.

Na ja mai 16 ja da baƙa, irin mai rufin kuza da ake yi don jiragen ruwa, silinta fari-fari. Kawunan duka matse su na yi da abin matsewa na aro, na rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, mai gam a ciki. Ba murɗawa da salatif ko ɗaya, na tuba. Na ɗaure wayar da maɗauri duk bayan taƙi biyu don kada ta riƙa gogar faiba. Ita ma tsohuwar baƙar wayar fitilun na sauya ta. Kwamfiresocin na bar su a gaba kamar yadda Matuƙi ya ce, na duba jikinsu ba wata shaida, na huda wa akwatin tagogi biyu na sa raga. Rile na kafa su ƙafafu na kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki.

Yanzu: kan batir 12.9, bakin kwamfiresa 12.3. Daga babu zuwa 145 minti uku da 'yan daƙiƙu, muryarsu ba ta canjawa har su tsaya. Na kama wayar bayan sun gama, sanyi ƙalau. Gwajin Matuƙi kuma: busa na daƙiƙa 6 ya sauke allura daga 145 zuwa 95, ta koma cikin minti ɗaya da daƙiƙa goma. Ya shiga cikin minti biyun, amma na yi lissafin da ka ce, sama da rabin lokaci suna aiki, a matsakaici wajen amfiya 25 ke nan, takardar injina kuma 25 ɗin ta ce altaneta ke bayarwa in an taka shi sosai. Ka ga a hazo ci zai fi samu. Batir na biyu ya shiga lissafi, ɗan akuya kuma yana nan daram, har na goge masa kai.

Wani abu da ya so ya ruɗa ni: na bar tanki a cike da yamma, da safe na tarar da 60. Na kaɗa ruwan sabulu na shafa wa kowace mahaɗa, ba kumfa ko ɗaya. Sai da na cire matatar iskar kwamfiresa na hagu na kara kunne, na ji siririn huci. Ɗan bawul ɗin da ke bakin tiyonsa, mai hana iska komowa, shi ne bai rufe ruf, na matse shi fiye da kima ranar da na ɗaura. Na sauya shi, yanzu kwana biyu allura ba ta motsa ba. Na kuma buɗe bawul ɗin gindin tanki don gwaji, ruwa ya fi rabin kofi ya tsiyayo, ja-ja da tsatsa, a tankin da bai yi wata biyu ba. Yanzu duk na dawo sai na tsiyaye shi.

Ƙarar kuwa, ba a magana. Na toshe kunne na gwada a fili nesa da mutane, tsuntsayen da ke gaɓar can tsallake suka tashi gaba ɗaya.

Saura abu ɗaya, Baba. Duk sanda kwamfiresa suka tashi, kamfas ɗina na juyawa kamar digiri goma, in sun tsaya ya dawo. Da can ba ya yi.

Tsohon Rewaya ya rubuta:

Madalla ɗana, aiki ya yi kyau. Da can ma yana yi, ba ka dai kai ga lura ba don fiyus na riga ka. Duk wayar da wuta ke bi tana yin maganaɗisu kewaye da ita, amfiya 44 kuwa ba wasa ba ce. Ina jin ja ka bi da ita ta gefe ɗaya, baƙa ta wani gefen, kamfas a tsakiya. Haɗa su su tafi tare, ka murɗa su kamar tufkar igiya a duk inda suka wuce kusa da shi, na ɗaya zai kashe na ɗayan. In bai daina ba, to motocin kwamfiresan ne da kansu, akwai maganaɗisu a cikinsu. Ɗauki ƙaramin kamfas na hannu, suna aiki ka riƙa matsawa da shi daga jikinsu har inda allura ta daina rawa, ka auna nisan, ka faɗa mini nawa ka samu.